Ruwa a Kafaɗa

Zanzaro ya yi gida a bakin famfon. Debora ce ta lura da shi, ɗan curin busasshiyar laka daidai inda ya kamata ruwa ya riƙa fitowa. Ta sa tsinke ta ƙwaƙule shi kafin Oga Bamidele ya sauko daga mota.

Famfon aikin Alhaji Bamalli ne, ɗan kwangilar da ke neman kujerar majalisa. Bara waccan aka ba shi kwangilar kawo ruwa wannan ƙauye na Gbagyi da ke bayan Suleja, ta wajen hanyar Madalla. Ya ɗora tanki a kan ƙarafa, ya shafa masa shuɗin fenti, ya jera kawunan famfo, shi ke nan. Ko ɗigo bai taɓa fitowa ba. Da zaɓe ya matso, sai ya ɗauko Bamidele daga Kaduna, mutumin da ba shi da sana'a sai shirya wa 'yan takara talla a rediyo da talabijin.

Ita kuwa Debora, tun da ta gama bautar ƙasa take kwana a falon yayanta a Suleja. Kullum da safe ta bi motar ma'aikata zuwa Abuja da takardunta, da yamma ta dawo da su. Bamidele ya ɗauke ta ne saboda tana jin Hausa da Gbagyi.

"Ke ce idona a nan," ya ce mata ranar farko, da Hausarsa ta tashin Kaduna. "In tallar ta yi kyau, kina da tebur a ofishina. In aka yi mana dariya kuwa, ke aka yi wa."

Ba ta gaya masa a ƙauyen aka haife ta ba. Da ya aike ta ta roƙi matan garin su fito a tallar, mahaifiyarta Rebeka ce ta amsa a madadin kowa.

"Ruwan da zai zo a mota ya koma a mota? Ki ce masa haƙoranmu ba na haya ba ne."

Hajiya Azumi, shugabar mata magoya bayan Alhaji, ta ce wannan ba matsala ba ce. Ta ciko bas da mata daga babbar kasuwar Suleja, masu koko da masu waina, ta raba musu baƙaƙen zannuwa irin na matan Gbagyi da manyan ƙorai. Tankar ruwa ta riga su zuwa, ta ɗura abin da ta kawo a tankin Alhaji, ta je ta laɓe a bayan coci.

Aka murɗa famfo, ruwa ya zubo. Onwuka mai kyamara ya durƙusa.

"Ni dai a ɗauke ni ta dama," in ji wata mai waina. "Nan kyauna yake."

"To a ɗauke ki ta baya mana, kowa ya huta," Hajiya Azumi ta ce.

Suka cika ƙorai, kowacce ta naɗa gammo, ta ɗora a ka, suka taho a jere suna guɗa. Abin ya yi kyau, ba ƙarya. Can gindin ɗorawa, inda matan ƙauyen suka zauna suna ɓarar gyaɗa suna kallo, wata ta rufe baki da hannu. Sai dariya ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har da Rebeka.

"Kin gani?" Bamidele ya ce. "Su ma abin ya burge su."

Debora ta san abin da ake yi wa dariya. Macen Gbagyi ba ta ɗora kaya a ka. Kai shi ke tunani, ba a wahalar da shi da dako. Itace ne, doya ce, ruwa ne, a kafaɗa ake saɓawa. Duk yaron da ya taɓa leƙa kasuwar Diko ya san haka. Ranar da aka nuna tallar nan, kafin a kai ƙarshenta masu shayi a Suleja za su gane matan aro ne. Ba sai kowa ya tona asirin Alhaji ba, da kuɗinsa zai tona kansa.

Abin da ake bukata a wurinta kawai ta yi shiru, kuma shiru ba ya ba ta wuya. Ta tsaya tana kallon ruwan da ke malala a ƙasa. Ta tuna yadda take naɗe tabarma da sassafe kafin matar yayanta ta fito shara, da yadda masu gadin ofisoshin Abuja suka daina tambayarta wa take nema.

"Oga."

Bai ji ba. Ta matsa kusa.

"Oga, matan Gbagyi ba sa ɗaukar kaya a ka."

Ya dube ta, ya dubi gindin ɗorawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Tun ina yaro nake wuce su a hanya, ban taɓa lura ba," ya ce a hankali. "Onwuka, tsaya. Za mu sake."

Sakewar ta zama wasa. Matan kasuwa suka yi ta kiciniyar ɗora ƙwarya a kafaɗa, ruwa na kwarara musu a baya. Wata ƙwarya ta suɓuce ta tsage biyu.

"Hajiya, wuyana! Koko nake sayarwa, ban zo a karya ni a kan ƙuri'a ba."

Direban tanka ya leƙo ya ce a yi hattara, abin da ke sama ya kusa ƙarewa, shi kuma ba zai koma ɗebo wani ba.

"Nuna musu," Bamidele ya ce wa Debora.

Ta tuɓe takalmi. Hajiya Azumi ta ɗaura mata zane a kan siket, ta zare mata agogo. Debora ta tara ƙwarya har ta cika, ta rusuna, ta juya ta a hankali ta zauna tsakanin wuya da kafaɗa, hannu ɗaya ya tallafe bakinta. Tun tana sakandare rabonta da yin haka, amma jikinta bai tambaye ta komai ba. Ta miƙe ta yi taku, ruwan ko motsi.

"Oga," Onwuka ya ce, idonsa na cikin kyamara, "me ake koya wa wasu? Ga ta nan."

Haka aka yi. Aka tura matan kasuwa can baya da ƙorai babu ruwa, inda ba za a gan su sosai ba. Debora ta taho ita kaɗai a gaba.

"Ɗan murmushi. Yauwa. Yanzu ki faɗa da yarenku: Alhaji Bamalli ya share mana hawaye."

Ta faɗa. Muryarta ba ta fita ba, aka ce ta ƙara. Ta ƙara, da ƙarfi, har ta kai gindin ɗorawa. Babu mai dariya a can yanzu.

"Shi ke nan," Bamidele ya ce, ya tafa hannu sau ɗaya. "Ki haɗa kayanki, da ke za mu koma Kaduna."

Hajiya Azumi ta ɗaga murya wajen masu kallo. "Bayin Allah, ku zo ku ɗebi sauran, naku ne!"

Wasu suka dubi juna. Wata mai goyo ta tashi da bokiti, wata ta bi ta. Rebeka ta tattara gyaɗarta a masaki, ta kakkaɓe ɓawon da ke cinyarta, ta saɓa. Hanyar gida ta gaban famfon ta bi, don haka sai da ta gifta dab da 'yarta, wadda har yanzu ba ta sauke ruwan ba.

"Mama," Debora ta ce.

Rebeka ta ɗan kauce don kada ƙwaryar ta taɓa masakinta, ta shige tsakanin rumbuna.