Bargon Ƙofar Gareji

Sau uku Sharif yana cusa hannu ƙarƙashin ƙofar yana ɗagawa, ƙofar ta ce atafau. Ta hau iya gwiwa ta cije.

"Rahamatu, me kika yi wa ƙofar mutane?"

Abin da ta yi ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin da suke haya a bayan unguwar Mohandessin garejin mota ne aka mayar ɗaki, ƙofarsa ta ƙarfe ce, irin mai naɗewa sama. Da azahar ƙarfen nan yakan yi zafin da ko ƙwai aka fasa a kai zai soyu. Ɗansu Ya'ƙub, mai wata bakwai, ƙuraje sun feso masa har wuya, ba barci sai kuka. Mai gidan, Ammu Fadl, ya taɓa manna musu farin soso da gam a jikin ƙofar, warin ya sa yaron tari, dole aka ɓamɓare. Shi ne Sharif ya yanke magana: in zafin bai ragu ba, za ta koma Maraɗi da yaron wajen kakarsa. Ita kuwa shekarar ƙarshe take a jami'a, kuma abin ya tsaya mata a rai ƙwarai.

Don haka ta bi telolin kasuwar Ataba shago shago tana roƙon ƙyallayen da suke zubarwa, ta haɗa da audugar tsohuwar katifa, ta dunƙula cikin buhunan shinkafa, ta ɗinke kamar bargo. Kuskurenta ɗaya: a gida zana ake ɗaura wa ƙyaure ya buɗe abinsa, sai ta ɗaure bargon a jikin ƙarfen da waya. Ta manta wannan ƙofa naɗewa take yi.

"Khalas, shi ke nan," in ji Sharif, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Kin yi iya yinki. Bari in kira Inna ta shirya muku ɗaki."

"Abban Ya'ƙub, kafin ka kira, taɓa nan."

Ya ɗora tafinsa a kan buhun. Rana tsaka ce, amma ɗumi kaɗan ya ji, kamar bayan tukunyar da aka daɗe da saukewa. Ya waiga. Yaron ya baje a tabarma, baki buɗe, yana sharar barci.

"To, amma ƙofa fa? Ta ƙasa za mu riƙa rarrafowa kamar kuliyoyi?"

"Ni ko da rarrafe ne sai na zana jarrabawar nan." Ta ɗauko almakashi ta fara tsinke wayoyin, yatsunta duk sun yi kanta. "Zan cire shi daga ƙarfen, in rataye ta ciki kamar labule. In hakan ma ya ƙi, in sake wata dabarar."

Sharif ya daɗe yana duban wayar salular da ke hannunsa. Sannan ya tura ta aljihu, ya kwanta rubda ciki a ƙasa, ya cusa kai ƙarƙashin ƙofar.

"Ina kuma za ka?"

"Wajen mai ƙusa. Yalla, maza auna mini tsawon igiyar labulen."