Yumɓun Kwatano

Muzammil bai ko yi sallama ba. Ya ja farar motar Alhaji, kat-kat, har bakin famfo, ya kashe ta, ya zuro hannu ta taga ya jefo wa Sanda mai wankin mota wani abu cikin leda.

"Ka san wannan?"

Sanda ya kwance ledar. Wani curi ne toka-toka, bai cika tafin hannu ba, da taushi kamar ƙullin fulawa. Ya matsa shi da yatsa, ya shinshina. Babu wari.

"Yumɓun nan ne na Kwatano. An taɓa nuna mani shi. Ni dai ban ga abin da zai yi wanda sabulu da tsumma ba su yi ba."

"Kai mi ka taɓa gani? Nan aka haife ka, nan za a rufe ka." Muzammil ya sauko yana gyara tabarau. Shi ne shofer ɗin Alhaji, mai tuƙa shi. Alhaji na takarar depite, wato ɗan majalisa, kuma tun da sojoji suka ce za su miƙa mulki aka buɗe kamfe, Muzammil yake tafiya kamar shi za a zaɓa. "Ka jiƙa wurin da ruwan sabulu, ka goga a hankali. In ya yi dauɗa ka murza shi ka ninke. Kar ka bari ya faɗi ƙasa, rairai ya shiga ya karce mana mota. Da la'asar akwai taro, Alhaji na son ta kamar yau aka sauke ta daga jirgi."

"Ina wurin?"

"Hannun dama. Wata katanga na goga."

Sanda ya zagaya da bokitinsa. Daga gefen fitilar gaba har tsakiyar ƙofa, wani dogon zane ya kwanta bisa farin fentin. Ba ja ba ne irin na katangar ƙasa. Kore ne, koren da ya yi duhu ya karkata zuwa ruwan ƙasa, kamar miyar kuka da ta kwana. Ya durƙusa. A tsagar da ke tsakanin fitila da ƙarfe, wasu gajerun gasu masu kauri sun maƙale. Ya zaro ɗaya, ya ɗora bisa farce. Gashin jaki ne.

Sai ya ji bokitin ya yi masa nauyi, ya ajiye.

* * *

Wannan koren babu mai sayar da shi a kanti. Sanda ne ya haɗa shi da hannunsa kafin babbar salla, daga ragowar gwangwanaye uku da wani mai fentin shaguna ya zubar. Da shi ya shafe amalanken jakin Amadu, mijin yayarsa Rakiya. Har yau in Amadu ya shiga kasuwar Gangara, ƴan'uwansa masu amalanke kan ce ga mai miyar kuka nan ya iso.

Jiya da yamma Amadu yana dawowa daga kasuwar da buhunan wake, jerin motocin kamfe suka biyo bayansa da kiɗa da lasifika. Ɗaya ta kwashe amalanken ta jefa shi cikin rami, ba ta tsaya ba. Jakin ya mutu nan take. Ƙafar Amadu ta karye wuri biyu, ƙashi ya fito. Masu kiwo ne suka tsince shi, suka ce motocin duk farare ne, duk da hotuna a jikinsu, ba su san ta wa ba ce. A gidan likita an ce ƙafar sai Maradi, kuma ba da daɗewa ba. Jandarma ya rubuta abin da aka faɗa masa, ya ce a nemo motar, in an same ta mai ita da asirans ɗinsa, wato inshora, su ne za su ɗauki aikin.

Ga ta nan tsaye a gabansa, injinta bai ko huce ba.

Filin da yake wanki na Alhaji ne. Famfon ma na Alhaji ne. Shekara shida ke nan da ya dawo daga yawon Agadas da Kano hannu wofi, wannan filin ne kawai wurin da ya taɓa zama ya wuce damina biyu. Ya dubi Muzammil, ya ga ya zauna kan bencin mai shayi yana ba da labarin yawan mutanen da suka tara jiya.

Sanda ya kewaya bayan rumfa kamar mai fitsari, ya ciro salula ya kira Rakiya.

"Yaya, ni ne. Motar tana wurina."

Yana jin kukan wani jariri da ƙarar kwanoni a harabar likita.

"Ka tabbata?"

"Fentina ne a jikinta. Ki je wurin jandarman nan yanzu, ki taho da shi. An ce in goge."

"Kar ka taɓa. Sanda, kar ka taɓa." Ta rage murya. "Bari in gaya wa Yaya Usmanu, shi ne babba, mu je tare."

"Ki bar Usmanu, ki tafi kai tsaye."

"In tsallake wan mijina in shiga buron jandarma ni kaɗai? Su ce mi? Ɗan'uwansa ne fa ke kwance."

Ta kashe.

* * *

Ya fara daga hannun hagu. Ya wanke tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya sa burushi cikin kowace tsaga. Ya hau bisa ya wanke rufi sau biyu. Ya fitar da tabarmin ƙafa ya kakkaɓe, ya sake kakkaɓewa. Idonsa na kan kwalta.

"Kai, wankan gawa kake mata?" Muzammil ya taso da kofin shayi a hannu. "Abin da na kawo ta dominsa ba ka ko duba ba."

"Sai dauɗa ta fita tukuna."

"Ta fita. Ɗauki yumɓun."

Sanda ya ɗauka. Ya tsoma shi cikin ruwan sabulu, ya juya shi a hannu, ya buɗe yatsunsa. Curin ya faɗi cikin rairai, ya birgima, ya kwashi tsakuwa.

Kofin shayin ne ya fara iso masa a kafaɗa, zagi ya biyo baya. Muzammil ya zagi uwarsa, ya zagi garin, ya zagi wanda ya ba jaki aikin mutane. Shayin yana gangara cikin rigar Sanda da zafinsa. Muzammil ya buɗe ƙofa, ya laluba aljihun mota, ya fito da wata ledar.

"Don na san irinku na raba shi biyu. Wanga in ya faɗi, yau ka kwashe bokitinka daga filin nan."

Daidai lokacin wani moto mai ƙafa biyu ya sauko daga kwalta. Usmanu ne, cikin babbar riga mai sitaci, da hular jam'iyya. Shi kaɗai ne. Sunansa yana cikin jerin masu neman konseye, wato kansila, a ƙarƙashin Alhaji, na huɗu daga sama. Ya kafe moton, ya gaisa da Muzammil hannu biyu, ya tambayi lafiyar Alhaji, sannan ya juyo.

"Ina abin da ka tayar wa mace da hankali a kai?"

"Ina jandarman, Malam Usmanu?"

"Na ce ina abin?"

Sanda ya nuna masa. Ya nuna masa gashin. Usmanu ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ya san fentin. Shi ma ya yi dariyarsa ranar salla. Ya miƙe tsaye.

"Kore dai kore ne," in ji Usmanu. "Ƙofar masallacinmu ma kore ce."

"Amadu ne fa. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Kai za ka gaya mani ko wane ne Amadu? Kwana tara ya rage a jefa ƙuri'a. In na shiga, Maradi ce za ta gagare ni? Har Yamai sai in kai shi. In kuwa aka kai motar Alhaji buro yau saboda gidanmu, wa zai sake duban mu? Kai ne za ka ciyar da ƴaƴansa da kumfar sabulu?"

"Likita bai ce kwana tara ba."

Muzammil ya cire tabarau. Usmanu ya miƙa masa hannu.

"Wannan ne abin? Yana aiki kuwa?"

"Sai an jiƙa wurin," Muzammil ya ce a hankali.

Usmanu ya naɗe hannun rigarsa zuwa kafaɗa. Ya ɗebi ruwan sabulu daga bokitin Sanda ya watsa. Sanda ya yi taku ɗaya, Muzammil ya sha gabansa, mai shayi da wasu biyu suka taso suna a yi haƙuri, a yi haƙuri, suka riƙe masa hannuwa. Ta saman kafaɗarsu ya ga yumɓun yana zamewa bisa ƙofar, gaba da baya, babu ko ƙara. Koren yana bin sa kamar an kira shi. Usmanu ya duba curin, ya murza, ya ninke dauɗar ciki, ya ci gaba. Gasun kuma ya sa tsinke ya zaƙulo, ya hure.

Bai kai minti goma ba.

"Ashe abin nan gaskiya ne," in ji Usmanu, yana wanke hannu a famfo. Bai dubi kowa ba. Ya ce wa Muzammil zai wuce gidan Alhaji, akwai maganar da zai so su yi kafin taro. Ya hau motonsa ya tafi.

* * *

Rakiya ta iso da ƙafa, goyo a bayanta, silifa ɗaya a hannu don igiyarta ta tsinke. Usmanu ya ce ta jira shi a bakin likita, ta jira har ta gaji. Muzammil yana can yana biyan mai shayi. Sanda yana zaune kan bokitin da ya kife. Yumɓun da Usmanu ya bari a bakin famfo yana hannunsa, ya kasa jefarwa, yana ta buɗe shi ko zai ga koren, yana ƙara cakuɗe shi.

"Ina?"

Ya nuna mata da haɓa.

Ta je ta tsaya gaban ƙofar. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta ɗora yatsu ta ja daga fitila har tsakiya, hannun ya zame babu abin da ya tare shi. Ta juyo ta dubi abin da ke hannunsa, ta dubi kumfar da ta bushe masa a gwiwar hannu.

"Yaya, ba ni ba ne. Tambayi—"

Mai shayi ya sunkuyar da kai yana fifita gawayi.

"Ka iya aikinka, Sanda," in ji ta.

Ta gyara goyonta, ta sunkuya ta cire ɗaya silifar ta haɗa su a hannu. Ta hau kwaltar da rana ta gasa, ta nufi likita.