Baiti na Uku

Shekara talatin da ɗaya ina kaɗa ganga a bayan Marlene Toivonen, har na fi sanin ƙeyarta a kan fuskarta. Mu huɗu ne a ƙungiyar Copper Gulls, 'yan garin Duluth a Amurka, kuma waƙa ɗaya tak ta taɓa fitar da mu daga jiharmu ta Minnesota, wato "Jirgin Alhamis."

Marlene ta rubuta ta ne saboda yayanta Wendell, ma'aikacin jirgin ruwa mai dakon ƙarfe a babban tafki. Baiti biyu na farko jira ne: an share baranda, an ɗora ruwan kofi a wuta, ana leƙen taga. A na uku jirgi ke isowa, a miƙo wa uwa jakar ɗanta ba tare da ɗan ba. Wendell ya zame a kan ƙanƙarar da ta daskare a bisa jirgin, ya faɗa ruwa, har yau ba a ga gawarsa ba.

Amma gidajen rediyo ba sa son waƙar da ta wuce minti uku da rabi. Mutumin kamfanin faifai, wani mai tumbi da ko tafi bai iya ba, ya ce a datse na ukun. Muka datse, don a lokacin ko yatsa ya ce mu datse, da mun miƙa masa wuƙa. Sai waƙar ta koma ta masoya. Abin takaici, da ita amare ke buɗe rawa, Marlene tana murmushin dole tana rerawa.

Da likita ya ce maƙogwaronta ya gama aiki, muka shirya wasan ban-kwana a bikin gari, ƙarfe huɗu na yamma. Marlene ta ce buƙatarta ɗaya, ta rera baiti na uku a gaban mahaifiyarta, tsohuwa mai shekara tamanin da tara da ba ta taɓa jin sa ba. Sau shida muka gwada a garejina.

"Gordy, kai tsohon kurma," in ji ta, "bayan amshi na biyu kar ka rufe. Ka sassauta kawai."

"Ji mini mata. Ni za ki koya wa ganga?"

Ran wasan, fili ya cika maƙil, ga ƙamshin gasasshiyar masara. An kawo tsohuwa a keken guragu, an ajiye ta gaba-gaba. Muka bar waƙar sai ƙarshe. Jama'a suka karɓe amshi, ni kuma daɗi ya kwashe ni. Da amshi na biyu ya ƙare, hannuwana suka yi abin da suka yi sau dubbai: na zuba kiɗan rufewa, na maka wa farantan ƙarfe sanda. Masu jita suka tsaya cak, don haka suka saba. Tafi ya ɓarke.

Na ga kafaɗun Marlene sun ɗaga, ta riga ta ja numfashin baitin. Ta buɗe baki, amma mai gabatarwa ya haye dandamali yana godiya, an kuma kashe mata abin magana. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

A bayan dandamali na roƙe ta mu koma. Ta nuna wuyanta, murya ta tafi, sai raɗa. Na ce to in karanta wa Mama baitin da bakina. Ta girgiza kai, ta ce ba abin karantawa ba ne.

Aka turo tsohuwa wurinmu, fuska fal fara'a. Ta kamo hannun 'yarta.

"Kin ce akwai abin da kika ajiye mini a ƙarshe, 'yar nan. Mene ne?"

Marlene ta durƙusa tana gyara mata bargo.

"Ba komai, Mama," ta raɗa mata. "Jirgin ya iso lafiya."