Mai Amsawa a Ƙarƙashin Tebur

Injiniya na durƙushe a ƙarƙashin tebur, butar shayi a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana laluben soket. Soket ɗin da ya saba jona butar ya ƙone tun jiya, kuma a wannan ofis abin da ya ƙone sai ya jira an kafa masa kwamiti. Can ƙurya, bayan kwandon shara, ya tarar da wani soket, an jona masa wani ɗan baƙin akwati, ba lamba ba suna, ƙura ta lulluɓe shi. Ya zare filogin akwatin, ya jona butarsa.

Bai gama miƙewa ba ƙararrawa ta ɗauka.

Ya ɗaga kai ya dubi bango. Bangon gaba ɗaya allo ne, a kansa taswirar ƙasar, an ja layukan da suka haɗa jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin bincike, kowace makaranta da ɗigonta. Aikin ɗakin ba shi da wuyar faɗi. Kwamfuta ce ke zagayawa dare da rana tana tambayar kowace makaranta, kina nan? Wadda ta amsa, ɗigonta kore. Wadda ta yi shiru, ja. A gaban wannan bango Injiniya ya yi furfura. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta taɓa ce masa da a ce ita ɗigo ce, da ya lura tun ranar da ta fara ramewa.

Ɗigo uku sun yi ja, duk a can gefen taswira. Na ƙarshensu kwalejin bakin iyaka ce, inda 'yarsa Auta ke aiki.

Ya cire butar, ya mayar da filogin akwatin. Jim kaɗan ukun suka koma kore. Ya sake zarewa. Ja. Ya mayar. Kore. Sai ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da ƙafar tebur. Kwalejin da mota ke wuni kafin ta kai, ashe ga ta nan bayan kwandon shara, tana amsa kira cikin ladabi.

Auta ce kaɗai cikin 'ya'yansa ta ɗauki sana'arsa. Ita ke kula da intanet na kwalejin, kuma tun farkon zangon karatu take kiransa.

"Baba, ba komai a nan. Layin a mace yake."

"Ga ki nan kore shar a gabana. Duba naki ɓangaren."

"Na duba."

"Sake dubawa. Ni na koya miki aikin nan, ban koya miki jefa laifi inda hannu ba ya kai ba."

Malamai suka kasa samun mujallun bincike, ɗalibai suka kasa rajista, sai shugaban kwalejin ya kira wannan cibiya tasu da kansa. Injiniya ne ya ɗauka. Ya ce daga nan lafiya ƙalau, matsalar a cikin gidansu take. Ya ƙara da cewa mai kula da layin 'yarsa ce, amma shi ba ya lanƙwasa magana don jini. Jimlar ta yi masa daɗi, har ya maimaita ta a gida, shi kaɗai, yana wanke kofi. Tun daga nan Auta ta daina kira. Daga bakin yayarta ya ji cewa yau, bayan abincin rana, kwamiti zai zauna ya yanke ko a sallame ta.

Ƙofa ta buɗe, Dogo ya shigo da ledar burodi. A mako ɗaya aka ɗauke su aiki, shi da Dogo, tare suka ja wayar farko ta wannan ɗaki. Dogo ne ya tuƙa motar ranar da aka kai matar Injiniya asibiti zuwan da ba ta dawo ba. Auta kuwa, Baffa take kiran Dogo.

"Tsoho, me kake nema a ƙasa? Haƙori ne ya sake faɗuwa?"

Injiniya ya miƙa hannu ya zare filogin. Ƙararrawa ta ɗauka.

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin nan, in ya ji ƙararrawa bango yake fara dubawa, ko da a tsakiyar atishawa yake. Dogo bai dubi bango ba. Ƙarƙashin tebur ya duba.

"Mayar," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Oga na hanya." Shugaban cibiyar yake nufi.

"Hannunka ne. Na san naɗin wayarka, kamar mai ɗaure akuya."

Dogo ya ajiye ledar, ya jawo kujera, amma bai zauna ba. Ya kashe ƙararrawar.

"Masu aikin titi ne suka tsinke layin, ukun duka ta nan suke bi. Oga ya rubuta a gyara, ba a amsa ba. Ga masu ba mu tallafi za su zo duba aiki. Ya ce ba ya son ganin ja a bango ranar. Na mako guda ne, wallahi."

"Makon ya yi albarka. Har yanzu bai ƙare ba."

"Ka san yadda abin yake. Suka zo, suka yaba, suka tafi. Bayan rahoto ya ce komai kore, wa zai tashi ya ce a gyara abin da bai lalace ba?"

"Ni."

"Shi ya sa ba a gaya maka ba! Kai? Kafin yamma ka rubuta wa ma'aikatar takarda da Turancin nan naka na tsofaffin littattafai, a kore mu duka. Kare ka na yi, Tsoho."

"Na gode. Kana nan ranar da shugaban kwalejin su Auta ya kira."

"Ba na nan."

Da gaskiyarsa, ba ya nan. Sai yanzu Injiniya ya haɗa abin. Duk ranar da wayarsa ta yi ƙara ya ce Auta ce, Dogo kan miƙe ya ce bari ya zaga. Da farko ya ɗauka kara ce, mutum ya ba uba da 'ya wuri. Da abin ya yi yawa, har shawara ya ba shi ya je a duba masa mafitsara.

"Ina nema mata wani aikin," in ji Dogo. "Na yi magana da mutane. Yarinya ce, gabanta a buɗe yake, za ta miƙe. Ni fa? Saura ƙiris in yi ritaya. Oga da baki ya ba ni umarni, a tsaye, a bakin matakala. Gobe zai rantse bai taɓa ganin akwatin nan ba. Ni za a rataya wa."

"Ai an riga an sami wadda za a rataya wa. Kai ka raka ta tasha ranar da za ta tafi. Har jakarta ka riƙe."

"Don Allah, Tsoho. Don zaman tare."

Injiniya ya dafa tebur ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya daɗe da sanin Oga, kuma bai ji komai a kansa ba. Wanda ba ka taɓa jingina da shi ba, ba ya iya kayar da kai. Dogo yake kallo, da tsohuwar rigarsa mai tabon biro a aljihu, da burodin da ya sayo na mutum biyu kamar kullum.

Ya ɗauki waya ya kira Auta. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Baba, ina bakin ƙofar kwamiti. In cewa za ka yi in sake dubawa, na gode."

"Ja ne, Auta."

Yana jin takun mutane a barandar can, da wani yana dariya.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika fara kira."

Ya ba ta labari a taƙaice: masu aikin titi, da baƙi, da akwatin da ke amsawa da sunan kwalejinsu. Bai ambaci wanda ya jona shi ba.

"Wa ya gano?"

"Shayi zan dafa, na zare filogin."

"Buta ke nan," ta ce. "To, Allah ya saka wa buta da alheri. Ita ta yi magana sau ɗaya an ji."

Ya haɗiye maganar. Ba shi da inda zai ajiye ta.

"Miƙa wa shugaban kwalejin wayar," ya ce. "Zan gaya masa."

"Kada ka soma, Baba. Lokacin da ka ce laifina ne, kowa ya yarda, don uba ba ya yi wa 'yarsa ƙarya irin wannan. Har yabonka suka yi a gabana. Yau in ka ce ba laifina ba ne, sai su ce ai dole, tsoho ya ji tausayi. Ka riga ka kashe bakinka. Sai dai in wani ne zai faɗa."

Injiniya ya sauke wayar daga kunne, ya miƙa wa Dogo.

"Ga 'yarka."

Dogo ya dubi wayar. Ya goge tafin hannunsa a jikin wando, har ya ɗaga hannun kaɗan. Sai ya mayar da kujerar da ya jawo daidai inda take, a hankali, kada ta yi ƙara.

"Bari in zaga," ya ce.

Ƙofar ta rufe kanta a bayansa.

"Baba? Baffa na nan?"

"Ya fita."

"Kullum in na kira ya fita," ta ce. Muryarta ta nuna ba sai an ƙara mata bayani ba.

Daga ƙasan bene ya jiyo muryar Oga tana hawowa, yana ba wani labari, ana yi masa dariyar da ake yi wa mai gida. Injiniya ya jawo akwatin fili, ya share ƙurar da gefen hannun riga. Ya mayar da filogin. Bango ya koma kore daga wannan kusurwa zuwa waccan, kyakkyawa ƙwarai, kamar ƙasar da ba a taɓa tsinka komai a cikinta ba.

"Auta, ba magana zan yi ba. Kunna kyamarar wayarki, ki shiga, ki ajiye a gabansu."

Ya jingina tasa wayar da butar shayi, ya gyara ta yadda za ta ɗauki bango da soket tare. Fuskar Auta ta bayyana a ɗan allon. Ta rame. Wannan karon ya lura.

Ya ji ta ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce a shigo. Ya sake durƙusawa, ya kama filogin da yatsu biyu.

"Baba," ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "ka yi a hankali, su gani da kyau. Su ma ba sa yarda da mutum."