Igiyar Akuyar Mero

A shekarun da man fetur ya cika wa gwamnati aljihu, aka share wani fili a bayan Sheme don ƙaramin jirgin sama mai feshin jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka a gona su bar manomi da kara. Maharazu aka ɗauka gadin filin. Aikin bai taka kara ya karya ba: ya kori awaki, ya cike ramuka, ya kula da jakar iska, wata doguwar jaka ta jan yadi a kan sanda, wadda matuƙi ke dubawa daga sama ya san ta ina iska ke bugowa. Amma in ka ga Maharazu cikin kaki ranar kasuwar Yankara, sai ka rantse shi ya ƙera jirgin. Sarkin Jirgi ake ce masa, yana kuwa amsawa.

Tsohuwar jakar ta yage, sai da aka yi wata biyu kafin a kawo sabuwa, tare da kashedin in ta lalace ya kuka da kansa. Ga shi ƙarshen damina ne, lokacin da iska ba ta da ta ido. Rannan da hantsi ta taso tana fizgar jakar kamar za ta raba ta biyu. Maharazu ya yi abin da kowane manomi zai yi wa kayansa. Ya kwance igiyar akuyar matarsa Mero, ya hau tsani, ya ɗaure wutsiyar jakar a jikin sanda tamau. Har yaba wa kansa ya yi, tunda sai gobe ake sa ran jirgi.

Sai ga jirgi da azahar. Maharazu ya jefar da buta ya sheƙa a guje, amma ina! Matuƙin, wani saurayi mai suna Abdulkarim, ya ga jaka kwance, ya ɗauka iska ta lafa, ya sauko. Tayoyin na taɓa ƙasa iska ta bugo daga gefe, ta ɗaga fiffike ɗaya, ɗayan ya kartar ƙasa, jirgin ya juya ya kife cikin dawa.

Maharazu ne ya fara isa, ya jawo Abdulkarim da karyayyen hannu. Da jama'a suka yi dafifi, ya sulale ya hau tsani, ya kwance igiyar ya cusa a aljihu. Jaka ta miƙe tana kaɗawa kamar ba a yi komai ba.

Gari ya ɗauka Sarkin Jirgi ya ceci rai. Wannan ya kawo goro, wancan ya aiko da fura. Kowace "sannu da ƙoƙari" sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta hana shi cin tuwo.

"Malam, wai ina igiyar akuyata?" in ji Mero. "Kwana biyu tana ta ɓarna gidan mutane."

"Mi kika ɗauke ni, makiyayi?" Ya faɗa bai iya kallonta ba.

Rana ta uku manyan ma'aikata suka zo daga Kaduna, aka zauna a zauren mai gari. Abdulkarim, hannu a ɗaure, ya ce wallahi jaka kwance ya gani. Babbansu ya ce mutum ɗari sun ga jaka tana kaɗawa, sakaci ne kawai, kuma daga yau za a karɓe takardarsa ta tuƙi. Sannan ya juyo.

"Malam Maharazu, kai mi ka gani?"

Kafin ya buɗe baki Abdulkarim ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙyale Baba. Shi ya ciro ni. Wataƙila idona ne ya yaudare ni."

Wannan magana ta fi mari zafi. Maharazu ya sa hannu a aljihu, ya fito da igiyar, har da gashin akuya a jikinta, ya ajiye a kan tabarma.

"Idonka lafiya lau, ɗana. Ni na ɗaure jakar. Tsoro na ji kada ta yage."

Waɗanda suka kawo goro suka sunkuyar da kai, kamar su suka hau tsanin. Babban ma'aikacin ya mayar wa Abdulkarim takardarsa, ya naɗe igiyar ya sa a jakarsa ta hannu.

Maharazu ya bi ta bayan gari ya koma gida, kakin a ninke a hammata. Ya tarar labari ya riga shi. Mero ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo tuwo ta ajiye.

"Ci, Malam," ta ce. "Na tufka wata."