Tayin Baturiya a Taron Almaty

"Oca, wai gaskiya ne cin abincin banza kika tafi? Bibi ce ta faɗa."

Saura kaɗan Mohira ta ƙware da shayi. A fuskar wayar ga 'yarta Parvina, mai shekara huɗu, wadda ke kiranta Oca, wato Mama, ga kuma gefen ɗankwalin surukarta Bibi yana sulalewa daga hoton.

"Aiki na zo, 'yar albarka, jibi ina gida. Wa ya bar ki ba safa a sanyin nan? Ba Bibi wayar."

Daga nesa Bibi ta ce tukunya na kan wuta.

Mohira ta yi dariya ta sauka zauren taro. Kwananta biyu a Almaty wajen taron matasa manoma, kuma ba ta da abin kushewa. Ɗaki da ɗumi, shayi ba ya yankewa, jiya har tafi aka yi mata da ta ba da labarin ƙungiyarsu ta mata goma sha ɗaya masu noman tumatir a garinsu Isfara. Ruwa ne kawai ciwonsu. Sai kwana tara layin ban-ruwa ke zagayowa gonarsu, bara rabin dashen ya ƙone kafin ya yi fure.

Shi ya sa ta daɗe a rumfar wata Baturiya 'yar Holan mai suna Annelies, tana shafa siririn tiyo mai ɗiga ruwa a gindin shuka.

"Ke ce mai tumatir ta jiya," in ji Baturiyar. "Kwali biyu na tiyon nan muka kawo na nuni, ba za mu koma da su ba. Kina son ɗaya? Kyauta ne."

Mohira ta dafa ƙirji, ta sunkuyar da kai.

"A'a, haba, kada ki wahalar da kanki."

Mu mutanen Isfara haka aka raine mu. Ko yunwa na kashe ki, tayin farko ki ƙi, na biyu ki ƙi, sai a na uku ki karɓa kamar an yi miki dole.

"To, ba komai," in ji Baturiyar. Ta juya ga wani saurayi ɗan Mongoliya, shi kuwa ya rungume kwalinsa ya yi gaba.

Mohira ta tsaya tana murmushi, tana jira. Dilbar, shugabar tawagarsu wadda ta saba fita ƙasashe, ta ja ta gefe.

"Tsayuwar me kike yi kamar amarya?"

"Jira nake ta sake tayi, Apa," in ji Mohira, don haka suke kiran Yaya.

"To nemi kujera, don a nan za ki yi furfura. Waɗannan in kin ce kin ƙoshi, ɗauke kwanon suke yi."

"Yanzu in koma in roƙa? Da wane ido?"

"Da waɗannan biyun da kika ɓata safiya kina yi wa kwalli. Kin ga mai jar rigar can? Wajen kwalinki ya nufa."

Mohira ta tuna mata goman da suka rako ta tasha. Ta kutsa ta sha gaban mai jar riga.

"Ina so," ta ce. "Ɗazu ma ina so."

"To me ya sa kika ce a'a?"

"A wajenmu sai an yi tayi uku."

Annelies ta yi dariya har da dafa tebur. Sannan ta gyara tsayuwa, ta ɗaga yatsu uku tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

"Kina so? Kina so? Kina so?"

Hannun Mohira ya riga ya kama hanyar ƙirji, bakinta ya buɗe da kansa zai ce a'a. Dilbar ta take mata ƙafa da dunduniyar takalmi.

"Na karɓa! Na gode."

Kwalin kilo goma sha takwas ne. Ita ta ɗauke shi har ɗaki, tana ɗingishi, ba ta bari kowa ya taya ta ba.

'Yar'uwa mai karatu, in hanya ta kai ki irin wannan taro aka miƙo miki abin da gonarki ke bukata, ki sa hannu biyu tun tayin farko. Kwali biyu ne kawai, kuma mai jar riga yana bayanki.