Tozon Manu

…kuma ai ba shi ya fara ba. Wannan dai kowa shaida ne, ba shi ya fara ba.

Ɗan Asabe yana korar ƙuda da gefen wuƙa, yana sake jan takardar da ya rufe tozon da ita. Talata ce, kasuwar Mafara ta cika ta batse, rana ta karya ta fara leƙowa ta ƙasan rumfar mahauta. Nama ya ƙare, saura haƙarƙari da 'yar hanta. Sai tozon nan. An taya, an sake tayawa, har wani mai babbar riga ya tsaya yana roƙo. Ba na sayarwa ba ne, Alhaji, na mai shi ne. Duk bijimin da ya fito daga hannun Manu dillalin shanu, tozonsa na Manu ne. Haka tsohonsa ya yi da tsohon Manu, haka ya tarar, bai taɓa tambayar dalili ba. Wannan san kuwa Talatar da ta wuce ya saye shi, da hantsi, suna zagin juna suna dariya. Da hantsi. Kafin la'asar ta yi, kafin baki ya…

To me ya ce ne ma? Magana ce ta fim. Fim!

Teburin Jibo mai shayi, waya a jingine da gwangwanin madara, kawuna sun haɗu. Kowace Talata haka, bayan la'asar, kashi ɗaya, ba mai kallo a gida don kada ya zo ya ɓata wa mutane. Jirgi ne ke yawo tsakanin taurari, an fassara da Hausa, mai fassarar ma wani shaƙiyyi ne, ya sa halittun sama suna cewa “wallahi tallahi”. Iri-iri ne a ciki. Akwai korayen nan masu wayon ciniki da Jibo ke mutuwar so. Akwai masu fatar dutse. Malam Nuruddeen na Islamiyya shi damuwarsa ɗaya ce, in jirgi ya wuce wata ina alƙibla take. Shi kuwa Ɗan Asabe tun ranar farko Masu Dogon Wuya ya sa wa ido. Wuya kamar na raƙumi, in dabba ce ta ina za a sa wuƙa? An yi dariya ranar. Manu ma ya yi, har ya ƙware.

Duniyarsu ta ƙone, in ji fim ɗin. Ba gari, ba ƙasa, suna yawo a jirage da 'ya'yansu. Waɗansunsu na tare hanya su kwashe na mutane. Ɗaya kuma ya bar dangi ya zauna da 'yan Adam, shi ke nuna musu hanya cikin duhu — Alhaji Shiru, sunan da majalisa ta raɗa masa, don sai a yi kashi guda bai furta kalma biyar ba. An yanke kashin a daidai inda jiragen danginsa suka kewaye, shi kuma yana tsaye bakin ƙofar jirgi, hannunsa a kan abin buɗewa. Shi ke nan. Sai Talata.

Zai buɗe ko ba zai buɗe ba? Musun ke nan. Musu kuwa abincin Ɗan Asabe ne, bai yi boko ba amma wa ya taɓa kayar da shi? Rediyo ya karantar da shi, da tasha, da Legas da ya yi yana tura nama a baro. Ya san mutane. Ya san duniya.

“Ba shi buɗewa,” in ji Manu. A hankali, yana kallon kofinsa.

Manu da musu? Mutumin da ko farashin sa sai ya yi shiru ka ji kunya ka ƙara da kanka? Tun farkon fim ɗin in an taɓa Alhaji Shiru sai ya tanka. Ba ya tanka wa korayen, ba ruwansa da alƙibla. Alhaji Shiru kawai. Me ya sa bai lura ba… a'a, ya lura, ya ɗauka ra'ayi ne, kowa da gwaninsa.

Hanta, Hajiya? Ɗauki duka. Wancan ba na sayarwa ba ne.

Sai shi kuma Ɗan Asabe ya miƙe, don shi ba ya musu a zaune. Ko shekara ɗari ya yi yana cin tuwonku, ran da nasa suka zo shi zai buɗe musu. Irin nan amana ba ta kama su, a jini abin yake. Da ya tsaya nan… da ya tsaya nan, fim ne. Amma harshe ya riga ya ɗau gudu, majalisa na kallonsa, daɗin magana ya ja shi: ko nan ba mu gani ba?

Cokalin Jibo ya tsaya a cikin kofi. Wannan ƙarar da ta ɗauke, ita yake ta ji har yau.

To ƙarya ya yi? Ƙanwarsa Fadima ba ga ta can a ɗakin zaurensa da yara ba, sun baro ƙauyensu na wajen Kaya da kayan jikinsu? Gero ya nuna a gona ba mai zuwa yanka. Kuma ba a ce wani na cikin gari ne ya nuna hanya ba? An ce. Kowa ya ce. Yana da haƙƙin ya ji zafi. Ba da Manu yake ba, wa zai yi da Manu? Manun da aka kore masa garke a dajin Dosara, saniyar da ya gada ma ba a bar masa ba, ya dawo Bakura yana dillancin shanun wasu. Manun da in mota ta tsaya a shinge shi ake fara cewa ya sauko. Wa ya tsaya masa a tasha ranar da samari suka kewaye shi suna tambayarsa daga ina? Shi. Shi Ɗan Asabe, da rigarsa mai jini, ya ce wanda ya taɓa shi ya taɓa ni. To mutumin da ya yi wannan…

Ya sani. Ai Manu ya san ba da shi ake ba.

To in ya sani, me ya sa ya gaishe shi?

Shekaru nawa, ba su taɓa gaisawa ba. Gaisuwa ta baƙo ce. Manu zai tunkaro rumfa da sandarsa a kafaɗa — kai ɗan fawa, yau mushen wa ka yanka? Shi kuma, kai mai sanda, ƙashi ka kawo mani ko ƙaho? Shi ke nan, an gaisa, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, duk a ciki. Amma ranar Manu ya ajiye shayinsa da saura, ya miƙe, ya gyara malafa, ya fuskance shi sosai kamar wani hakimi.

“To, Malam Ɗan Asabe, mu kwan lahiya. A gaida gida. A gaida iyali da yara. Allah shi huci gajiya. Allah shi bar zumunci.”

Malam. Bai rage ko ɗaya ba, har da ɗan rusunawa. Da marinsa ya yi da ya fi sauƙi, da an yi an gama, Jibo ya raba. Amma su Manu ba sa haka. Ba za ka ga ɓacin ransu ba, sai dai ka ga ladabi ya ƙaru.

Matarsa Taibatu ta ce bakinka ya fi wuƙarka, ita ko banza tana da kube. Ta ce ka kira shi mana. Ya kira shi ya ce me? Yi haƙuri? In ya ce yi haƙuri ai ya amsa ke nan cewa da shi yake. In bai ce ba kuma… Mata ba su san wannan ba. Ko sun sani? Ta dai dube shi ta ci gaba da tankaɗe.

An fara kiran la'asar. Masu albasar Bakolori na ɗaure buhuna. Can kara, wajen shanu, ƙura na lafawa, dillalai na watsewa. In ya shigo kasuwa yau, yanzu ne zai biyo ta nan. In ya shigo.

Tozo ba ya son rana. Ya fara sakin mai, takardar ta jiƙe.

Sabon kashin yana cikin wayarsa, tun jiya mai tura finafinai ya sa masa. Bai buɗe ba. Dokar majalisa ce, i, amma yaushe ya fara bin doka? Da can da tuni ya leƙa a ɓoye, ya zo ya yi ta cika baki kamar mai duba. Jiya ya riƙe wayar ya kasa. In Alhaji Shiru bai buɗe ƙofar ba, to, ya faɗi musu, a yi masa dariya, Manu ya ce ɗan fawa ina ruwanka da taurari, tsaya ga hanji. Zai sha. Da daɗi ma zai sha. In kuwa ya buɗe… in ya buɗe, Manu na zaune a gefensa, kuma shi ne ya yi gaskiya…

Tun da yake, bai taɓa roƙon Allah ya kayar da shi a musu ba, sai yau.

Malafa. Can tsakanin masu tumatir, malafa da sanda a kafaɗa, tafiyar nan ta wanda ba ya sauri. Shi ne? Rabin kasuwar nan malafa ce. Yana matsowa. Ɗan Asabe yana goge hannu a riga, yana ɗaga tozon, yana mayarwa. Ya riga shi, dole ya riga shi, kafin ya buɗe baki ya ce barka da kasuwa Malam — in ya bari gaisuwar nan ta fito, shi ke nan, ta zauna. Zagi ɗaya kawai. Kai mai sanda… kai mai… yana da su fiye da ɗari, shi da ba a taɓa rufe masa baki ba, ina suka shiga? Duk wanda ya ɗauko sai ya ji yana da kaifi ta inda bai taɓa lura ba.

Malafar ta tsaya a bakin rumfa. Bakinsa a buɗe, tozon a hannu, mai na bin yatsunsa.